FILIN MASU SANA'A: Rigar Kafinta Ma Kayan Aiki Ce

A wannan mako wajen kafintoci za mu leƙa, mu yi magana a kan abin da kafinta ke sawa a jikinsa sa'ad da ya tsaya gaban teburin aiki. Na san wani zai yi murmushi ya ce yau kuma mai fili ya rasa abin faɗa sai zancen tsumma. To, a yi mini haƙuri a karanta har ƙarshe, sa'an nan a yanke hukunci.

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, ko ta Dei-Dei a Abuja, ko kuwa ta Bodija a Ibadan, ya ga yadda kafinta ke zaɓen katako. Zai juya shi gaba da baya, ya ƙwanƙwasa, ya kanne ido ɗaya ya hango tsawonsa ko ya karkace. Haka yake yi in zai sayi zarto ko kurfi, ba ya yarda a cuce shi ko da anini. Amma tufafin da zai yini cikinsu tun hantsi har magariba, waɗannan ba ya zaɓe. Abin da ya gaji a gida shi ne na aiki: tsohon kaftanin Sallar bara waccan, da wandon da tazugensa ke reto, da silifas ɗin da ya tsinke aka ɗaure da waya. Abin da nake so in tabbatar wa 'yan'uwana kafintoci a yau shi ne, tufafin aiki su ma kayan aiki ne, daidai da zarto da guduma, kuma tun ranar da inji ya shigo rumfar kafinta, zaɓensu ya zama zancen hannu da ido, wani lokaci ma zancen rai.

ABIN DA KAKANNI SUKA SANI

Kada wani ya ɗauka wannan magana baƙuwa ce da ta zo daga Turai. Kakanninmu sun riga kowa saninta. Maƙeri ba ya zama bakin zuga da babbar riga. Walkinsa na fata yake ɗaurawa, domin tartsatsi ya faɗa kan fata ya mutu. Masassaƙi in ya nufi gindin kirya da gatari da gizago zai fid da turmi, tuɓe riga yake yi ya rataye a reshe, ya tamke ƙugu. Manomi ma haka. Kowace sana'a ta san shigarta, kuma ba wanda ya taɓa ganin walki ya ce mai shi ya ƙasƙanta. Abin da aka ce kawai shi ne, wannan mutum ya fito aiki.

To, me ya sake tsakanin jiya da yau? Abin da ya sake shi ne, kayan aikin jiya ƙarfin damtse ke tafiyar da su. Zarton hannu in ya kama gefen riga, da mai shi ya tsaya, shi ma ya tsaya. Inji kuwa ba ya jin kira. Bari mu yi ɗan lissafi. Faifan zarton tebur mai faɗin inci 10 yana juyawa kimanin sau 3,000 zuwa 4,000 a minti ɗaya. Mu ɗauki 3,600, watau sau 60 ke nan cikin sakan guda. Mutum mai lafiya, tsakanin ya ga abu da ya janye hannunsa, yana cin kimanin rubu'in sakan. Cikin wannan ɗan ƙiftawa faifan ya zaga sau 15, in kuwa haƙoransa 40 ne, haƙora 600 sun gifta ta wurin da yatsa yake. Saboda haka duk mai cewa shi yana da zafin nama, in riga ta kama zai fizge, bai yi lissafin nan ba. Hausawa sun ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta. Shekara ashirin da mutum ya yi tare da inji ba ta sa injin ya san fuskarsa.

DOKA TA FARI: KADA KOME YA YI RETO

Daga nan muka sami doka ta fari wajen zaɓen tufafin aiki, kuma ita ce uwar sauran: duk abin da ke reto ba shi da wuri kusa da abin da ke juyawa. Babbar riga da jallabiya da kaftani mai faɗin hannu tufafi ne na mutunci, wurinsu masallaci da ɗaurin aure da zaure. Gaban injin share fuskar katako, ko injin huda, ko wanda ke juya katako ana fere shi don fid da ƙafafun kujera da na gado, hannun kaftani tarko ne. Sandar da ke juyawa ba ta yanka yadi, naɗe shi take yi, tana naɗewa tana jan hannu, hannu yana jan mutum. Yadi mai ƙarfi a nan ya fi ruɓaɓɓe haɗari, domin shi ba zai yage ya sake ka ba.

Rigar da ta dace ita ce wadda ta zauna a jiki ba ta matse ba, mai gajeren hannu, ko kuwa mai dogon hannu da maɓalli mai kama wuyan hannu sosai. In za a naɗe hannun riga, a naɗe shi har ya wuce gwiwar hannu, kada a bar shi tsaka-tsaki yana zamowa. Ƙasan riga a cusa cikin wando. Bakin tazuge a tura ciki. Ƙafar wando kada ta ja ƙasa, kada kuma a naɗe ta waje, domin naɗin nan yana tara garin katako, yana kuma kama kan ƙusa ya ka da mutum.

Ban da riga, akwai ƙananan abubuwa da ake mantawa. Zoben azurfa, da agogo, da laya mai igiya a wuya, da carbin da jelarsa ta leƙo daga aljihu, da wayar sauraren rediyo da samari ke maƙalawa a kunne, da rawani ko ƙyallen da ake yafawa a wuya lokacin hunturu, duk a ajiye su cikin akwati kafin a kunna inji. Zobe kaɗai ya isa ya saɓule naman yatsa in ya kama. 'Yan'uwanmu mata da suka fara shiga wannan sana'a, su nemi ɗan ƙaramin hijabi mai kama kai, su cusa ƙasansa cikin wuyan riga, sutura ta samu, tsaro ma ya samu.

Akwai wani abu da zai ba mutane mamaki, shi ne safar hannu. Tana da amfani ƙwarai wajen sauke katako daga mota, da ɗaukar kwanon rufi, da taɓa fenti. Amma gaban inji mai juyawa a cire ta. Abin da zai tsaya ga ƙujewar yatsa in hannu tsirara yake, da safa sai ya zama jan hannu gaba ɗaya cikin inji.

WANE YADI?

Sai zancen yadi. A ƙasa mai zafi irin tamu, auduga ce sarauniya. Tana shan gumi, iska tana ratsa ta, kuma in wuta ta taɓa ta ƙonewa take yi ta zama toka. Yadin roba kuwa, irin su nailan da rigunan 'yan ƙwallo da yaran shago suka fi so, narkewa yake yi ya manne wa fata, ƙunarsa ta fi zurfi, jinyarta ta fi tsawo. Rumfar kafinta kuwa ba ta rabo da abin kama wuta: ga tina, ga fenti, ga fetur ɗin janareto, ga tartsatsin dutsen wasa, ga garin katako tuli. Bugu da ƙari yadin roba yana riƙe zafi, mai shi ya jiƙe sharkaf kafin azahar, gajiya ta zo da wuri, gajiya kuwa ita ce ƙofar da haɗari ya fi shigowa ta cikinta.

Cikin yadin auduga, kaki da jins su ne suka fi dacewa, saboda saƙarsu matsattsiya ce, sartse ba ya ratsa ta da sauƙi. Dukansu biyu kuwa tun asali don wahala aka yi su. Kaki ya samo asali ne daga sojojin da Ingilishi suka kafa a ƙasar Indiya a ƙarshen shekarun 1840, kalmar ma daga Farisanci take, ma'anarta ƙasa ko ƙura, watau launin da ba ya nuna dauɗa. Wandon jins kuma na leburori ne da masu haƙar ma'adinai a Amurka kafin ya zama na 'yan gaye. Wanda aljihunsa bai kai ga sabon yadi a Kantin Kwari ba, gwanjo ya wadatar, amma a duba 'yar takardar da ke ɗinke a wuyan riga ko ƙugun wando, a tabbata auduga ce zalla ko mafi yawanta. A guji wandon da aka yayyaga gwiwarsa don ado. Ramin nan ƙofa ce ga sartse. A sa tela ya ƙara wani yadin a kan gwiwa, domin kafinta mai durƙuso ne. Wanda ya fi son riga mai haɗe da wando irin ta makanikai, ba laifi, in dai daidai jikinsa take, kuma ba a zame samanta an ɗaura hannuwanta a ƙugu suna lilo ba, kamar yadda ake gani in rana ta take.

WALKIN ZAMANI

Yanzu mun zo kan walkin kafinta na zamani, watau wannan yadi ko fata da ake ratayawa daga kafaɗa, ya rufe ƙirji da ciki har gwiwa, a ɗaure ta baya. Aikinsa iri biyu ne. Na fari, yana tsare jiki da riga daga gam da fenti da sartse. Na biyu, yana danne rigar da ke ƙarƙashinsa ya hana ta reto, kuma yana riƙe 'yan ƙananan kayan da hannu ke nema kullum.

In za a zaɓi abin da za a yi shi da shi, a dubi irin aikin. Mai aikin tebur, mai haɗa kujeru da ƙofofi da kabad, yadin auduga mai kauri ya ishe shi, irin na tamfol ɗin auduga ko jins mai nauyi. Ba shi da tsada, yana wankuwa, kuma ba ya dafa mutum. Mai tsayawa bayan zarton tebur yini guda, da mai yawan wasa kayan aiki a dutsen inji, su fata ta fi dacewa da su. Wani lokaci bayan faifan zarto yakan kama katako ya wurgo shi baya da ƙarfi, ciki da ƙirji kuwa su ne a hanya. Fatar sa mai kauri tana rage wannan duka, tana kuma kashe tartsatsi. Mu kuwa ba mu da uzurin rasa fata, ƙasar da majemanta da dukawanta suka yi suna tun kafin zuwan Turawa. Amma a ji da kyau: babu walkin da ke tsai da haƙorin zarto. Kada wanda ya ɗaura fata ya ɗauka ya sha maganin ƙarfe. Murfin faifai da sandar tura katako suna nan a matsayinsu, tsayuwa kuma a ɗan gefe ake yi, ba saitin faifai ba.

Tsawonsa ya tsaya daidai gwiwa ko sama da ita kaɗan. In ya wuce haka zai harɗe ƙafa sa'ad da ake ɗauke da katako, in kuma ya gaza, cinya ta zauna a fili. Mai yawan tsuguno sai a tsaga masa ƙasan gida biyu. Igiyar rataya ita ce inda masu yawa ke kuskure. Wadda ke zagaya wuya kaɗai tana ɗora dukan nauyi a kan ƙeya, kafin la'asar wuya ya ƙage. Wadda ta fi ita ce mai faɗin yatsu biyu ko uku, ta hau kafaɗu ta gicciye a gadon baya, nauyi ya rabu. Ɗauri kuma a baya ake yinsa, kada a zagayo da igiya a ƙulla a kan cibiya bakinta na reto. Daɗin daɗawa, ya kamata a haɗa igiyar da maɓallin ƙarfe mai ɓallewa in an fizga da ƙarfi, domin ranar da inji ya kama walki, gara walkin ya tafi shi kaɗai.

Aljihu kuwa, kaɗan ya fi yawa albarka. Siririn aljihu a ƙirji na fensir da ƙaramar sukwaya, da guda biyu a ƙasa na tef ɗin awo da 'yan ƙusoshi, sun isa. Wanda ya cika walkinsa da aljihu goma zai cika su da kaya, ya yini ɗauke da shago a wuyansa. A sa wa na ƙasa murfi don kada su zama rumbun garin katako. Kurfi da wuƙa da duk wani abu mai tsini ba su shiga aljihu, domin ranar da mutum ya yi tuntuɓe ko ya sunkuya da sauri, cikinsa ne kube. Aljihun ƙusa kuma shi ne maganin wata mummunar ɗabi'a, ta tara ƙusoshi a baki. Tari ɗaya ko firgita ɗaya ya isa ƙusa ta wuce maƙogwaro.

Wurin da aljihu ke fara yagewa shi ne kusurwarsa ta sama. Wannan matsala ce ta sa wani tela a Amurka mai suna Jacob Davis ya fara danna 'yan ƙusoshin tagulla a kusurwoyin aljihun wandon ma'aikata, har shi da ɗan kasuwar nan Levi Strauss suka yi rajistar dabarar a shekarar 1873. Su ne 'yan ƙarafan da muke gani a wandon jins har yau. Telanmu na bakin kasuwa zai iya yin haka, ko ya maimaita ɗinki sau da yawa a wurin. Sai dai mai aikin kayan ɗaki masu sheƙi ya lura, ƙarfe a gaban walki yana karce fuskar katako in an jingina. Shi maimaita ɗinki ya fi masa.

Mai fere katako a inji mai juyawa, nasa walkin daban ne: mai rufe har wuya, marar aljihu a gaba, domin sassaƙe kamar ruwan sama yake zubo masa. Mai aikin rufi kuma, da ke yawo a kan katakon gini, dogon walki haɗari ne gare shi. Nasa shi ne ɗamara mai jakar ƙusa da marataya guduma, hannuwansa biyu su zauna a sake don kama abin da zai riƙe, kansa kuma da hular kwano. Daidai ruwa, daidai tsaki.

ƘAFA DA IDO DA HANCI DA KUNNE

Mu sauka ƙasa. Silifas shi ne takalmin da ya fi kowane yawa a rumfunan kafintoci, kuma shi ne ya fi kowane rashin dacewa. Ƙusa tana huda shi kamar yadda take huda gurasa, garin katako yana sa shi santsi, yatsu kuma a fili suke in katako ya suɓuce. But ɗin aiki na sosai yana da ƙarfe a baki, wanda aka gwada shi ya jure kwatankwacin nauyin kilo 20 da ya faɗo daga tsawon mita ɗaya. Wasu kuma suna da faranti a tafi mai hana ƙusa shiga. Wanda bai sami wannan ba tukuna, ya sa ko da rufaffen takalmi mai kaurin tafi. Raunin ƙusa mai zurfi kuwa kada a tsaya ga ɗiga masa tina ko man birki. A wanke da ruwa da sabulu a tafi asibiti, saboda cutar tetanos mai sanƙarar da jiki ta ƙulle muƙamuƙi ta irin wannan rauni take shiga, allurar rigakafinta kuwa tana nan.

Tabarau na aiki, mai rufe har gefen ido, ya kamata ya zauna a fuska duk sa'ad da ake yanka ko wasa ko buga ƙusar kankare. Tabarau na rana ba ya maye gurbinsa, domin shi fashewa yake yi ya ƙara ɓarna. Kunne kuma, masana sun ce ƙarar da ta kai desibel 85 in ana yini cikinta awa 8 tana cin ji a hankali, injin share katako kuwa yakan haura 100. Gwajinsa mai sauƙi ne: in sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, to, ƙarar ta yi yawa. Auduga a kunne ba ta tsare abin kirki. Toshen kunne na aiki ake nema. Jin da inji ya cinye ba ya dawowa.

Amma babban maƙiyi shi ne wanda aka fi rainawa, watau ƙurar katako. A shekarun 1960 likitoci a Ingila suka lura cewa wani irin ciwon daji na cikin hanci, wanda ba a cika ganinsa ba, ya yi yawa tsakanin masu yin kujeru a garin High Wycombe. Bincike ya ci gaba, har a shekarar 1995 hukumar binciken ciwon daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji ga ɗan Adam. Itatuwanmu na nan gida ma ba a bar su a baya ba. Ƙurar loko, wanda 'yan katako ke kira iroko, tana jawo ƙaiƙayin fata da asma. Ta obeche ma tana jawo asma. Ta mansoniya kuwa tsofaffin kafintoci sun san ta da sa atishawa da haɓo. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci, da shuɗin takunkumin asibiti da ya cika gari lokacin annobar korona a 2020, ba su tare ƙura mai laushi, ita ce kuwa mai isa can cikin huhu. A nemi takunkumi mai lamba N95 ko FFP2, ya kama fuska ba rata, a sake shi in numfashi ya fara nauyi. Shi ma ƙura kaɗai yake tarewa. Mai feshin fenti da tina sai takunkumin roba mai matatar gawayi. Madarar da ake sha bayan aiki abinci ce mai kyau, amma cikin ciki take zuwa, ba ta wanke huhu.

BAYAN AN TASHI

Tufafin aiki a wurin aiki suke kwana. Wanda ya koma gida da su ya kai wa iyalinsa ƙurar da ya yini cikinta, jaririn da ya ɗauka ya shaƙa, uwargida ta shaƙa wajen wanki. Kada a kaɗe su da iskar injin feshi, wannan tayar da ƙurar da ta kwanta ne a sake shaƙarta, iskar ma kanta tana iya cutar da ido da kunne. A wanke su daban, kuma in da hali a yi kafa biyu, ɗaya a jiki, ɗaya a igiya. A kafa ƙusa a bango can nesa da ƙura, a rataye rigar gida cikin leda. In an kira salla sai a tuɓe walki, a yi alwala, a sa riga mai tsabta a shiga sahu. Da haka kaftani zai yi shekaru, maƙwabcin sahu ma ya huta da warin tina.

Tsumman da aka shafa mai da shi kada a cusa shi aljihun walki, kada kuma a tara shi a lungu. Man linsid da ke cikin wasu mayukan shafa katako yana fid da zafi yayin da yake bushewa, in tsummoki suka taru a dunƙule sai su kama wuta da kansu ba ashana. Irin wannan ce ta tada gobara a wani bene mai hawa 38 a birnin Filadelfiya na Amurka a 1991, har 'yan kwana-kwana uku suka rasu. A shanya tsumma a buɗe a waje, ko a jefa shi cikin bokitin ƙarfe mai ruwa.

NAUYIN WA NE?

Saura tambaya ɗaya: wa zai saya? A nan maganata da iyayen gida take, masu shago da yara a ƙarƙashinsu. Yaron da ubansa ya kamo hannunsa ya kawo maka ya koyi sana'a amana ne. Ba shi da kuɗin but, bai kuma san abin da inji ke yi wa hannun riga ba; abin da ya ga kana yi shi zai yi. In ya ga maigida da walki da tabarau, zai ɗauka haka sana'ar take. In ya ga maigida da silifas yana dariyar mai takunkumi, haka shi ma zai koya wa nasa yaran. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wannan kuwa ba wanda ya kai kafinta saninsa.

Hukuma ma ta yi magana. Dokar Masana'antu ta 1987 ta ɗora wa mai masana'anta nauyin killace injuna da tanadar wa ma'aikata kayan kariya inda aiki ke da cutarwa. Yarjejeniya mai lamba 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka yi a 1981, Nijeriya kuma ta amince da ita a 1994, ta nuna cewa ba ma'aikaci ne zai biya kuɗin tsaron lafiyarsa a wurin aiki ba. Gaskiya ne mai duba masana'antu ba safai yake isa rumfar bakin hanya ba. Amma wanda ba ya tsoron sufeto ai ya ji tsoron ranar da zai tsaya gaban uban yaro yana neman abin da zai faɗa. Ƙungiyoyin kafintoci na kasuwanni, da ke tara kuɗin mako don biki da jaje, za su iya haɗa kai su sayi takunkumi da tabarau a kan sari, su ba tela guda kwangilar walki, farashi ya sauko kowa ya samu.

Na san za a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, ba mai ja da ƙaddara. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa tawakkali yana tafiya ne tare da riƙon sababi, shi ya sa mai faɗin wannan magana da kansa yake kulle shagonsa da kwaɗo in dare ya yi. Za a kuma ce kayan nan da tsada. A auna kuɗin yadi biyu na kaki da ladan tela, a auna kuɗin jinyar hannu da wata uku ba aiki, a ga wanda ya fi nauyi. Zarto in ya karye akwai wani a kasuwa, amma ba a taɓa jin rumfar da ake sayar da yatsa ba. Jarin kafinta hannunsa ne da idonsa, su ne kuwa ke ci da gida.

Saboda haka, ɗan'uwa kafinta, gobe da safe kafin ka ja igiyar janareto, dubi jikinka daga hula har takalmi, ka cire duk abin da ke reto, sa'an nan ka dubi yaranka ka yi musu haka. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya tsare mu da iyalanmu, ya sa albarka cikin sana'o'inmu, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.